Bakancen Jar Akuya

Daren da sanƙarau ya murɗe wuyan Lawali
a babban asibitin Maradi, gado na sha ɗaya,
na zaga baya, gun famfon da ba ya daina ɗiga,
na ce: Ya Rabbi, in yaron nan ya tashi
jar akuyata taka ce, in yanka in rabar.
Ba wanda ya ji ni sai sauro.

Ya tashi.
Da kunne guda ya komo gida, ciwo ya tafi da ɗayan.
Yanzu nonon akuyar nan ke dama masa fura,
shi ya mai da tsoka bisa haƙarƙarinsa.

Na je Bagalam gun Malam Isiyaka.
Ya buɗe takardu, ya nuna mani da yatsa
inda aka jera masu cika bakance cikin mutanen kirki.
Ya ce: Bashi ne, Tanko. Je ka wasa wuƙa.

Na biya Mokoyo, na iske Malam Harisu
tsugune yana liƙe tayar kekensa.
Bai ko ɗago ba ya ce: Ai an hana.
Bakance ba ya ture ƙaddara ko taki ɗaya,
ƙugiya ce ta ciro guga daga rijiyar marowaci.
Na ce: Ashe na huta?
Ya ce: Ina! An hana ka ɗaura kayan,
amma tun da ka ɗaura, sai ka kai.

To wace irin ƙofa ce wannan,
a waje an ce kada ka shiga,
a ciki ana sa wa wanda ya shiga albarka?

Na bi gulbi, yashi na cin ƙafata.
Ba hanin ya dame ni ba,
kalmar nan ce, marowaci, ta tsaya mani kamar ƙayar kifi.
Haihuwa huɗu akuyar nan ta yi a gidana,
tsohuwa Indo na jin kukan ƴaƴanta ta katanga,
ban taɓa miƙa mata ko ludayin nono ba.
Sai da wuya ya murɗe na tuna ina da abin bayarwa,
na tsaya gaban Mai Duka kamar dillali ran kasuwa,
ina taya ran ɗana da dabbar jika talatin.

Da dare Tsahara na ɓarar gyaɗa, ta ce:
Da ya mutu fa?
Da ka riƙe akuyarka, ka ce ciniki bai faɗa ba?
Ban amsa ba. Ɓawo ya ci gaba da fashewa.

Gobe Juma'a. Wuƙa na ƙarƙashin tabarma.
Akuyar na tauna harawa, ba ta san an sa ta a addu'a ba.
Lawali ya juyo mani da kunnensa mai ji,
ya ce: Baba, me ya sa ka ba ta dusa sau biyu yau?