Zafin Ƙafar Hagu

Ni ne mai gyaran kofato a Gujungu,
wuƙa da magagari a jakar fata.
Tun hantsi na zauna a gindin kanya
ina kallon abin da ba a biya ni in kalla ba.

Gasa uku aka sa a wuni guda:
taƙama da safe, tsallaken dami da azahar,
sukuwa in rana ta yi sanyi.
Wanda ya haɗa ukun, babur nasa ne,
ga shi can a jingine, ko leda ba a cire ba.

Ilu ya hau Gajimare, bidin Alhaji Nadabo.
Yaron bai cika ido ba, sillen kara ne,
amma linzami a hannunsa
zare ne a hannun mai kaɗi,
ba ya tsinkewa, ba ya sakwarkwacewa.
Wasu da ƙaimi suke wa doki tsawa,
shi da gwiwa yake masa raɗa.

Da azahar aka ɗora damman kara.
Akawal ɗin Taura ya ture na sama,
mahayinsa ya rufe shi da bulala
sai ka ce dokin ne ya kasa ƙidayar taku.
Ilu ya ɗaga daga sirdi, ya sakar masa wuya,
suka haye. Fage ya ɗauki sowa.
Kowa tashin ya gani, ni dirar na gani:
ƙafar hagu ta gaba ta taɓa ƙasa
kamar wanda ya taka garwashi a gaban surukai.

Bai tsaya karɓar tafi ba.
Ya sauka, ya sassauta majanyi, ya durƙusa,
ya shafa daga gwiwa zuwa kofato,
ya sake shafawa,
sannan ya kira ni da ido.
Na ɗora tafin hannu. Jijiya ta ɗau zafi
kamar gindin tukunyar da aka sauke yanzu.

Alhaji ya iso yana naɗe hannun riga:
"Zagaye biyu ne fa kacal.
A ɗaure da tsumma, a yi masa allura,
daga gobe ya kwanta har wata."
Ilu ya ce, "Dokinka ne, Alhaji,
amma ba da ni a kansa ba."
Ya miƙa bulalar da tun safe bai ɗaga ba.

Na sunkuya, don na san wannan rana.
Shekara talatin da ɗoriya, a fagen Maigatari,
na ji irin zafin nan a ƙafar wani gunya.
Na ce zagaye biyu ne kacal.
Ranar wani ya ci rediyo da turmin atamfa,
ni na ci ƙarar da har yau ke tashina cikin dare,
ƙas, kamar an karya rake,
da kallon da ya yi mini kafin a kawo wuƙa.

Aka busa usur, babu Gajimare a layi.
Wani ɗan Ringim ya tafi da babur.
Mu muna bakin rijiya,
Ilu na jan guga, ni ina kwararawa,
guga bayan guga, har taɓo ya kama mana sawu.
Yara suka wuce suna cewa ya ji tsoro.
Bai ɗago ba, yana dama dusa da ɗan kanwa.
Motar Alhaji ta tashi babu sallama,
ban sani ba ko gobe yaron na da turke.

Bayan magariba suka kama hanyar gida,
tafiyar da da safe ba ta kai komai ba.
Yaron a ƙasa, sirdi a ka,
ragama sako-sako a yatsa biyu.
In dokin ya tsaya, ya tsaya.
Na bi su da ido har duhu ya haɗiye farin gezar,
sannan na tuna ban ci komai ba tun safe.