Ido Ba Mudu Ba

Shekara talatin da ɗaya ina zuba ruwan inabi
a gidan abincin nan na gefen kogin Mtkvari,
ba wanda ya taɓa kushe hannuna,
sai da wata jarida daga ƙetare ta yi mana layi uku:
"Tbilisi, inabinta zuma, hidimarta ƙaya.
Suna cika kofi har baki kamar masu shayar da doki.
Farin nasu da ɗumi yake zuwa, kamar ruwan wanka."

Gari ya kwana bai runtsa ba.
Masu otal suka yi taro, suka ce sunan birni ya zube,
suna kuwa in ya zube ba a kwashe shi da cokali.

Suka aiko mana Nutsa, 'yar ashirin da shida,
ma'aunin zafi a aljihu, littafi mai ƙa'ida arba'in a hannu.
Tamaz, in ji ta, tsaya ta dama.
Nuna masa goshin kwalba ya karanta shekararta.
Murfi ya fita kamar numfashin mai barci.
Sulusin kofi kawai, ka murɗa wuyan hannu,
kada ɗigo ya taɓa farin ƙyalle.
Na ce, 'yata, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Ta ce, baba, naka idon ya saba da kyauta.

Na haɗiye.
Kakana a Kakheti randa yake binnewa,
ya liƙe bakinta da yumɓu, ya bar ta da sanyin ƙasa.
In ya buɗe, ƙaho yake cika wa baƙo,
ƙaho kuwa ba shi da gindin zama, sai ka shanye.
Daga nan na fito.
Yau ana koya mini rowa da sunan ladabi.

Amma na koya. Da dare, bayan an tashi,
ina zuba ruwan famfo ina murɗa hannu
har Eteri ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Wata Talata, ana yayyafi,
mutum ya shigo shi kaɗai da ɗan littafi.
Raɗa ta zaga ɗakin girki: shi ne, mai ba da tauraro.
Na tsaya ta dama. Na nuna goshi. Murfi ya fita shiru.
Ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya ce madalla.
Ni kuwa hancina ya kama abin da harshensa ya rasa:
warin jiƙaƙƙen kwali a ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.
Kwalbar ta mutu tun a hanya.

Ya riga ya ce madalla. Da na juya, da shi ke nan.
Gumi na bin gadon bayana.
Na ce, ranka ya daɗe, wannan ba ta kai bakinka ba.
Na sauka ƙasa, na ɗebo na ƙanena a tulu,
mai launin zuma in rana ta yi gora,
na zuba sulusi. To, da ɗan gyara.

Ya sha, ya yi shiru, ya share ido da adiko.
Daga baya muka ji mai gyaran lif ne daga Kutaisi,
lissafin kuɗin aiki yake yi a littafin,
ranar kuma matarsa ta cika shekara da rasuwa.

Mai tauraron ashe mace ce, can kusurwa,
Levan ya kai mata kofi mai tsaga a baki.
Bana dai ba mu samu komai ba.

Nutsa ta yi kuka a bayan firji.
Na kai mata burodi da cuku.
Ta buɗe littafinta a shafin ƙarshe, fari fat,
ta ce, baba, me ka ji a murfin nan?
Na ciro shi, yana aljihuna tun ranar.
Na ce, shinshina.
A hankali.
Sake.