Tsarabar Sarayebo

Na dawo ran Laraba, an ɗauke wuta a Yakasai.
Gwaggo Uwani na tsakar gida tana tsinkar zogale.
Na miƙa mata waya, na ce ga garin da na je.
Ta goge hannu da bakin zane, ta matso da fuska.

Ga kogin da ya raba garin biyu,
bai fi Jakara faɗi da yawa ba, sai dai ba ya wari.
Ga gadar da aka ce a bakinta
wani yaro ya yi harbi, duniya ta kama da yaƙi.
Ta ce, yaron ɗan gidan wa?

Ga layin maƙeran tagulla,
guduma na amsa guduma har la'asar.
Ladan ya yi kira, ƙararrawar coci ta biyo baya,
tattabaru suka tashi saboda duka biyun.
Ga niƙaƙƙen nama, gasasshe, cikin gurasa da ɗanyar albasa.
Ba yaji?
Ba yaji, Gwaggo.
Allah sarki, bayin Allah.

Sai yatsana ya zame kan hoton tudu.
Fararen duwatsu, sahu bayan sahu,
kamar masallata da aka manta ba a sallame su ba,
shekarar rasuwa kusan ɗaya a jikinsu.
Ba ta tambayi komai ba.
Leɓenta ya yi ta motsi
har hasken wayar ya mutu,
fuskarta ta rage a cikin baƙin gilashi.

Can ta ce, akwai wanda ya tambaye ka garinku?
Akwai, wani tsoho mai dafa gahawa.
Na ce masa Kano, ya maimaita sau biyu
kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
To me ka gaya masa?
Na gaya masa marinar Ƙofar Mata,
wadda nake wucewa kullum a adaidaita,
ban taɓa leƙa ramin baba ko ɗaya ba.
Wannan ban faɗa wa Gwaggo ba.

Ƴar butar tagullar da na sayo mata da tsada,
mai dogon hannu, ta dafa gahawa,
da safe na tarar da ita kan garwashi,
man shanu na narkewa a ciki.