Tukunya Biyu

Ni ke girki ranar taron limamai,
a bayan majami'armu ta Mabera,
inda rana ke dafa ƙasa tun kafin in hura wuta.

Tukunya biyu aka ce in ɗora:
shinkafa da kaji ta masu babban tebur,
tuwon dawa da miyar kuka ta masu bisharar ƙauye.
Ban ce uffan ba. Hannuna aka ɗauka aiki, ba bakina ba.

Malam Nomau ya iso tun da hantsi
daga wajen Tangaza, bisa babur ɗin aro,
Littafinsa ɗaure da roba, bangon ya rabu tun bara.
Iska ta yaye rufin ɗakin sujadarsu.
Bandir biyu na kwano ya zo roƙo, ba ƙari.

Ta taga nake jin su.
Rabaran Dakta Filibus ya ce shi zai buɗe da addu'a,
shi da ya haye teku ya dawo da takardu.
Rabaran Habila ya ce ina,
shekara talatin da ɗaya yana kiwon garke a garin nan
tun wani bai san hanyar tasha ba.
Sai aka koma Turanci.
In sun koma Turanci, na san ta ɓaci.
Wa ya janye wa wani mutane,
wa ya kafa coci jikin katangar ɗan'uwansa,
wa aka sa sunansa ƙasa a katin gayyata
har aka manta da Dakta.

Awa huɗu. Addu'ar na tsaye bakin ƙofa.

Sau uku Malam Nomau ya ɗaga hannu daga bencin baya,
hannun fartanya, duk kanta.
Aka ce ya kawo a rubuce, kwamiti zai duba.
Kafin la'asar kwamitin ya zama biyu.

Motoci suka fice, wannan gabas, wancan yamma,
ko kajin ba a taɓa ba.
Buba mai shayi, maƙwabcinmu, ya leƙo ta kan katanga:
"Asabe, ashe ku ma?"
Na ce mu ma, Buba.
Mu da ba mu cika tafin hannu ba a Sakkwato,
yatsun ne ke gardamar wa ya fi tsawo.

Wanda suke wa'azinsa ɗaura tawul ya yi,
ya durƙusa gaban ƙafafu masu faso.
A cikinsu ba wanda ya san inda muke ajiye daro.

Na juye tukunya biyu cikin tire ɗaya,
na kira mutanen bencin baya gindin dogonyaro.
Matan zumunta suka kwance bakin zane,
ɗari biyar, dubu, ɗari biyu da ta sha manja.
Bai kai rabin bandir ba.

Malam Nomau ya cire hula, ya yi godiya da Hausa,
gajeruwa, don miya na hucewa.
Ita ce addu'ar da aka yi ranar nan.

Gajimare na haɗuwa ta gabas lokacin da ya tayar da babur.