Ruwan da Ya Shiga Faifai

Ran Alhamis nake tsallakawa tsibirin Chiloé,
akwati ɗaya, lema ɗaya mai karyayyen haƙarƙari.
Cikin akwatin akwai makirufo, kwamfuta,
da wayoyin da suka cukuikuye tun bara.
Makarantar katako ce daga ƙafa har ka,
yara goma sha tara, murhu ɗaya,
da karen mai gadi, wanda ba ya cikin rajista
amma bai taɓa fashin aji ba.

Na ce musu waƙa ba daga sama take faɗowa ba,
kowa ya kawo abin da ya gani da safe.
Millaray ta kawo takalmin roba mai huji.
Baldomero ya kawo kakarsa tana zagin tunkiya.
Ayelén ta ce ita ba ta ga komai ba, hazo ne.
Na ce, to rubuta hazon.
Ta tauna fensir, ta tauna, sannan ta rubuta:
ya haɗiye jirgin kawuna, ya bar mana ƙararsa.
Shekara ashirin ina wannan sana'a,
na juya baya ina gyaran waya don kada su ga fuskata.

Muka tafa hannu muna ƙirga gaɓa.
Kalmar da ta yi tsawo mu rage mata ƙafar wando,
wadda ta ƙi zama mu ba ta haƙuri, mu sallame ta.
An yi kuka a kan kalmar dankali.
Dankali ya zauna.

Ɗakin ɗaukar murya sito ne,
tsakanin tsintsiya da buhunan garwashi.
Iyaye mata suka aiko da bargunan ulu
muka rataya, kada bango ya mayar mana da magana.
Sai dai rufin kwano ba ya jin lallashi.
A nan ruwan sama ba baƙo ba ne, shi ne mai gida,
duk baitin da muka ɗauka yana ciki, yana ganga.

Remigio shi ke riƙe waya.
Tun Afrilu ban ji ya ce uffan ba.
Ubansa na can kudu, wajen kejin kifi,
kuɗi na zuwa, shi bai zo ba.
Ranar da mura ta kama Baldomero
layi ɗaya ya rasa mai shi.
Ban kira kowa ba. Bargo ya motsa.
Ya tsaya a kan buhu don ya kai makirufo,
ya rera kalma bakwai, ya sauka kamar wanda ya yi sata.

Da dare, a ɗakina, na zauna wanke ruwan.
Na kankare shi ɗigo bayan ɗigo
har muryoyi suka fito fes, kamar an yi musu guga.
Na kawo ina taƙama.
Suka saurara. Kare ma ya saurara.
Millaray ta ce, malam, a asibiti aka yi wannan?

Na mayar musu da ruwansu.

Sai na ɗora wa Remigio abin ji a kunne,
ya yi masa yawa, ya tallafe da hannu biyu.
Da layinsa ya zo, ya waiga bayansa.
Wa ke nan?
Na ce, kai ne.
Ya ce a'a, haka babana yake cewa gida.

Sau shida muka maimaita.
Jirgin ƙarfe huɗu ya yi kuka, ya tafi ya bar ni.
Ya ce, in za a aika masa,
a aika mai ruwan.
Ya san har yanzu ana yi.