Ƙafata Ta Riga Ni Magana

A Tudun Hatsi nake rubuta buhu,
ni ne mai littafi a rumfar Alhaji Bappayo.
Wake ya shigo daga Kumo, masara daga Dadin Kowa,
biro a hannuna, murfinsa a bakina,
na taune shi ya koma kamar totuwar rake.
Wannan ne na huɗu tun ƙaramar Sallah.

Ƙafata ta dama ba ta iya zama ba.
Ina kan benci, ita tana kan hanya,
tana taka keken ɗinkin da babu shi.
Benci ya ɗauki rawa, shayin Jungudo ya fantsama,
ya ce, kai Sa'adu, kashe injin nan,
arziki kake kore mana.
Na dafe gwiwa, ta lafa.
Na ɗaga hannu zan juya shafi,
ta ɗora daga inda ta tsaya.

Goggo Dudu ta ce da dare ina niƙa haƙora,
har ɗakinta take ji, kamar ana ɓarzar tsaki.
Tsutsar ciki ce, in ji ta.
Na sha maɗaci har harshena ya yi fushi da ni.
Idona na hagu ya kwana uku yana rawa,
ta ce baƙo ne tafe.
Muka share zaure. Ba wanda ya zo.

Ran da na je gaida iyayen Hansatu a Bolari
yatsuna cikin hannun riga suka wuni,
don na cinye faratan har nama.

In na kulle rumfa sai na ja kwaɗon sau uku.
Ina kaiwa Tashar Dukku wani abu ya ce,
ka kulle kuwa?
In biya mai babur ya mai da ni.
A kulle yake. Kullum a kulle yake.

A asibiti aka ɗebi jini.
Ba taifot, ba zazzaɓin sauro, ba gyambon ciki.
Sista Rifkatu, mai tabarau ɗaure da zare,
ta ture takardar gefe, hannuna ta duba.
Ta ce, tun yaushe?
Na ce lafiya lau nake.
Ƙarƙashin tebur ƙafata ta ƙaryata ni,
har kwalaben magani suka shiga hira.

Sai na ji bakina yana cewa, tun bara.
Buhu bakwai suka ɓace a littafi,
aka kira ni gaban 'yan dako.
Bayan kwana tara aka gan su a motar Deba,
kuskuren direba ne.
Alhaji ya ce a yi haƙuri, ya manta.
Ni ma na manta.
Jikina ne har yau yake ƙirga bakwai ɗin.

Ta ce, abin da baki ya haɗiye
wani lokaci ta yatsu yake fita.
Fargaba ma ciwo ce, ba raunin imani ba.
Ka dawo Laraba, akwai likitan da zai saurare ka.

Da na gaya wa Goggo ta daɗe tana tsince shinkafa.
Can ta ce, ubanka ma haka ya tsige gemunsa
shekarar da shanu suka mutu.
Mu muka ce ƙwarƙwata ce.

Laraba huɗu ke nan ina zuwa.
Ƙafar ba ta daina ba, kada in yi ƙarya.
Amma in ta fara, ba na danne ta,
sai in tambaye ta, yau kuma mene ne?
In ja numfashi kamar mai awon mudu,
in cika, in share baki, in juye a hankali.

Jiya na ja kwaɗon sau biyu.
A Tashar Dukku abin ya yi magana,
na tsaya, na sayi gyaɗa ta hamsin,
na ba haƙorana aiki har gida.