Baƙar Taliyar Gambo

Na rufe shagon faci bayan isha'i,
hannuna na warin roba da gam,
cikina na kiran ciroma.
A kwanar Yelwa, gab da mai gasa kifin Lagdo,
na hango wuta tana tsalle, ta fi tsayin mutum.
Na zaci gobara, ashe girki ne.

Gambo ne, wanda ya ɓace mana shekara shida
a sansanin 'yan Sin masu zuba kwalta.
Ya dawo Garwa ba mota, ba babur,
sai wani baƙin kasko mai zurfin ƙwarya
da ludayin ƙarfe da ya saba da tafinsa.

"Dala ɗari faranti," in ji shi.
Na ce, "Tsaya tukuna.
Babu naman nan da ba a kiran sunansa?"
Ya yi dariya har da dafa teburi.
"Can garinsu da shi suke yi.
Ni kitsen bijimi na soye ya zama kakide,
mahaucin ma ka san shi, Barau surukinka."

Mai ya yi zafi, tafarnuwa ta yi tsuwa,
kabeji ya bi ta, da lawashi,
da yankan giwan ruwa kamun asuba,
sai taliya mai kaurin wayar birki.
Ya tsiyaya wani ruwa daga kwalba,
na rantse da a shagona na gan shi
da na ce baƙin mai ne na inji.
"Waken suya ne, ya yi watanni a tulu."
Ya girgiza kaskon,
wuta ta leƙa ciki, ta lasa, ta fita.

Ya miƙo faranti da tsinke biyu.
Na riƙe su kamar mai zaro ƙusa daga taya.
Taliyar ta sulle ta koma gida,
ta sake sullewa ta sauka a gwiwata.
'Yan acaɓa biyu a benci suka tuntsire,
ɗaya ya faɗi magana da Fillanci
wadda ba zan fassara ba.
Na ajiye wa mutane itacensu, na wanke hannu.

Lomar fari zaƙi-zaƙi, gishiri-gishiri,
sai can ƙasa-ƙasa wani hayaƙi,
irin na ƙanzon da Inna ke kankaro mana
in ta gama kwashe tuwon dare.
Na yi shiru.
Ban fito da dala ɗari don in tuna da ita ba.

"Tsoho Lin ya koya min," in ji Gambo
yana goge kaskon da tsumma.
"Garinsu a bakin teku yake.
Duk ranar da na dafa sai ya ɗanɗana,
ya girgiza kai ya ce babu jatan lande,
babu teku a ciki, Binuwai ce kawai,
sannan ya cinye tas, ya miƙo kwano a ƙara.
Ranar tafiyarsa kaya suka yi nauyi a sikeli,
ya ciro kaskon ya ɗora min a ka kamar hula.
Ban san ko yana da rai ba.
Lambarsa ta daina shiga tun bara."

Wata tirela ta wuce, ta nufi gada,
fitilar kwai ta yi rawa a kan teburi.
Na suɗe yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya,
har da wanda guduma ta fasa.

Na ce ya ƙulla min wata a leda.
Hajjo za ta buɗe, ta yamutsa fuska,
ta ce wa ya ƙona taliya ya sayar min,
ta ce ai tata da manja da yaji ta fi.
Ba zan yi musu ba.
Zan dai tura ledar tsakaninmu,
in juya baya kamar mai neman buta.